Me Ya Sa Kaji Ke Tsayawa da Girma a Bazara?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau da masu kiwon kaji za mu gana, tun daga mai gidan gonar da ke lissafin kajinsa da dubbai, har zuwa uwar gidan da ta killace guda 30 a bayan ɗaki tana jiran kasuwar Sallah. Zancen bazara za mu yi, da abin da take yi wa jikin kaza.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin buroila 'yan mako 5 da misalin ƙarfe 3 na rana a watan Afrilu, ko a Kano ne, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Maraɗi, ya san abin da zai tarar. Ɗakin ya yi tsit, babu mai guje-guje. Kowace ta kwanta da ƙirji a ƙasa, ta saki fukafukai sun rabu da jiki, baki a buɗe, maƙogwaro na kaɗawa. Mazubin abinci cike yake kamar yadda aka bar shi da hantsi. Wajen ruwa kuwa an yi cincirindo, wasu sun tsoma kai har leɓatu. Kashinsu ya zama ruwa-ruwa. Can da la'asar sakaliya, rana ta fara sanyi, mutum na cewa an tsallake, sai a tsinci uku ko huɗu sun mutu. Kuma ku lura da waɗanda ke mutuwa: manyan ne, zakarun da suka fi kowa tsoka, waɗanda ido ke kai.

Daga nan sai mai kiwo ya ruga shagon magani. A haɗo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta kala biyu, a ƙara da na sa cin abinci, a zuba a ruwa. Kuɗi ya tafi, gobe da la'asar a sake kwashe gawa. Wannan shi ya sa muka ɗauko batun, domin abin na damuna ƙwarai: mafi yawan lokuta babu wata ƙwayar cuta a ɗakin. Jikin kazar ne da kansa ya rage aiki don ya tsira da rai, kuma babu maganin kwalba da zai hana shi.

Bari mu bi abin daki-daki.

Ɗumin jikin ɗan Adam mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. Na kaza wajen digiri 41 ne, ko sama da haka kaɗan. Idan ya hau ya doshi 45 zuwa 47, rai ya tafi. Ratar ba ta da yawa. Ga shi ba ta da hanyar yin gumi, ga gashi ya lulluɓe ta. Babbar kaza ta fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 24, yanayin da mu ba mu cika samu ba sai da sanyin hunturu. A bazara kuwa ma'auni na haura 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano.

To, yaya take fitar da zafi? Da farko tana tura jini zuwa zanko da leɓatu da ƙafafu da ƙarƙashin fukafukai, wuraren da gashi ba shi da yawa, don iska ta ɗebe ɗumin. Wannan dabara na aiki ne muddin iskar ta fi jikinta sanyi. Da zarar ɗaki ya doshi digiri 30, sai ta koma haki. Numfashinta kan ninka har kusan sau 10, danshin maƙogwaro da huhu na bushewa yana tafiya da zafi. Shi ya sa ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi da laima amma ruwa bai sauka ba, ya fi tsakiyar bazara kisa: iskar ta riga ta ƙoshi da danshi, hakin ba ya biyan buƙata.

Hakin nan kuma ba kyauta ba ne. Kowane numfashi na fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai ma'aunin jinin ya karkace. Ga mai kajin ƙwai, a nan asara ke shigowa. Ɓawon ƙwai haɗin abu biyu ne, kalsiyam da kabonet, shi kuwa kabonet daga wannan iskar da kaza ke fitarwa ake samunsa. Sai ka ga ƙwai ya ƙanƙance, ɓawo ya yi laushi, kiret guda ka ɗauka biyar sun tsage kafin a kai bakin titi. Mai kiwo ya ce abincin ne ba shi da kyau, ya canja kamfani. Alhali ko buhun ƙashi ka zuba mata, in hakin bai tsaya ba, ɓawon ba zai koma daidai ba.

Jinin da aka tura fata kuma daga wani wuri aka ɗebo shi, daga hanji. Hanjin da jini ya ragu gare shi bangonsa kan yi rauni, ba ya tsotse abinci yadda ya kamata, ƙwayoyin cuta ma kan samu kafar kutsawa. Ga wani sinadarin fargaba da jiki ke saki in an takura, wanda ke danne garkuwar jiki. Wannan ne dalilin da ya sa rigakafin da aka yi da tsakar rana a cikin zafi ba ya kamawa sosai.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe.

A gindin wuyan kaza, daidai inda wuya ke shiga ƙirji, akwai wasu 'yan tsokoki guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙanana ƙwarai, jajaye, manne da jijiyoyin jini. Mai fiɗar kaza zai yi shekaru bai lura da su ba. Likitoci na kiransu tayirod. Mu ma muna da ita a gaban wuya, ita ce in ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta ta ɗauki sinadarin aidin daga abinci ta haɗa wani saƙo da take sakawa cikin jini. Saƙon iri biyu ne, masana na ce musu T4 da T3. T4 ta fi fitarwa da yawa, sai hanta da wasu gaɓoɓi su juya shi ya zama T3, wanda shi ne mai ƙarfin.

Ku ɗauki jikin kaza kamar murhu, abinci shi ne itace. Tayirod ita ce hannun da ke iza wuta. In ta iza, abinci ya ƙone da sauri, tsoka ta ginu, ƙashi ya miƙe, gashi ya tsiro, ɗumi kuma ya tashi, domin babu girma sai da ɗumi. Hatta ƙarfin da ɗan tsako ke samu ya fasa ƙwai ya fito, sai da wannan sinadari ya hau a jininsa a kwanakin ƙarshe. Da sanyi T3 na ƙaruwa, kaza ta ci da yawa ta ɗumama kanta. Da zafi kuwa, jiki na janye itacen. T3 ya sauka a jini, sha'awar abinci ta ragu, ginin tsoka ya lafa.

Wannan hikima ce ta Mahalicci, kuma an gwada an gani. A shekarun 1980 masana a Jami'ar Jojiya ta Amurka sun ƙara wa wasu kaji sinadarin tayirod, wasu kuma suka ba su maganin da ke danne shi, sannan suka saka su duka a zafi mai tsanani. Waɗanda aka ƙara wa su suka riga mutuwa. Waɗanda aka danne wa suka fi daɗewa. Saboda haka idan kazarka ta ƙi cin abinci da azahar, ba taurin kai take yi ba, ba kuma lallai ciwo ne ba. Ranta take karewa. Wanda ya matsa mata ta ci a wannan lokaci, shi ke tura ta ga halaka.

Sai dai tsira da ran yana da farashi, kuma mai kiwo ke biya. Masu bincike a Faransa, a shekarun 1990, sun yi wani gwaji mai kyau. Kashi ɗaya na kaji a ɗaki mai zafi, kashi ɗaya a ɗaki mai sanyi, amma na sanyin ba a ba su sai daidai abin da na zafin suka iya ci. Abinci ɗaya, awo ɗaya. Duk da haka na sanyin suka fi girma. Ashe ƙin cin abinci wani ɓangare ne kawai na asarar, sauran daga yadda jiki ke sarrafa abincin ne. Kazar zafi tana rage tsoka ta tara kitse. Masu gashin kaji sun san wannan ko ba su san dalili ba: ka yanka ka tarar da ƙirji bai cika ba, ciki kuwa dam da maiƙo.

Me ya sa abin ya fi tsanani a kan buroila? Domin an ƙera ta ne don saurin girma. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2014, masana a Jami'ar Albata ta ƙasar Kanada sun kiwata irin buroilar 1957 da irin 2005 da abinci iri ɗaya. A kwana 56, ta 1957 ba ta cika kilo 1 ba, ta 2005 ta haura kilo 4. Tsoka ta ninka sau huɗu, amma zuciya da huhu ba su bi wannan saurin ba, fatar da za ta fitar da zafi ma ba ta wadatar ba. Kuma an zaɓo waɗannan irin ne a ƙasashe masu sanyi, a ɗakuna masu na'urar sanyaya iska. Mu kuma muka kawo su ƙarƙashin kwano a Gusau.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla, masu sauraro, har yanzu muna tare a filin noma da kiwo, muna zancen kaji da bazara. To, mene ne abin yi?

Tunda narkar da abinci kansa yana ta da ɗumi, kuma ɗumin kan kai ƙololuwa sa'o'i kaɗan bayan an ci, abu na farko shi ne lokaci. Kazar da ta cika ciki da ƙarfe 10 na safe, ɗumin cikinta zai haɗu da na rana daidai azahar. Ga buroila da suka wuce mako 4, a ba su abinci tun asuba, a ɗauke mazubi da hantsi, a mayar bayan la'asar in iska ta sauya, a bar musu fitila da dare su rama. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma a ganina ya fi duk wani magani da ke kan kanta. Ruwa kuwa ba a ɗauke shi ko na minti ɗaya.

Su ma nau'o'in abinci ba ɗaya suke ba wajen ta da ɗumi. Furotin ya fi kowa, sai dusa da ɓawo, sai hatsi, mai shi ne mafi ƙaranci. Don haka masu haɗa abinci da kansu, kuskure ne a ce tunda kaji ba sa girma bari a ƙara ƙuli-ƙuli da waken suya. Furotin da ya wuce buƙata ƙone shi jiki zai yi ya fitar, zafi ya ƙaru, ɗaki ya ɗau wari. Abin da masana ke yi shi ne su rage dusa, su sa ɗan mai, kamar man waken suya ko manja, a madadin wani kaso na masara, su kuma tabbatar sinadaran gina tsoka da ake kira laisin da metiyonin sun cika. Loma kaɗan, amfani mai yawa. Amma a tuna mai na saurin yin ɗoyi a zafi, bitamin ɗin da ke cikin firimis, wato haɗin sinadaran da ake ƙarawa a abinci, ma na lalacewa. Kar a haɗa abin da zai wuce mako biyu, kar a jingine buhu a bango mai shan rana.

Ita kanta tayirod tana da nata buƙatun. Tana son aidin, kuma aikin juya T4 zuwa T3 yana son wani sinadari da ake kira seleniyam. Kaɗan ake buƙata, kuma firimis mai kyau na ɗauke da su. Matsalar na ga wanda ke ganin firimis ɓarnar kuɗi ne, ya haɗa masara da dusa da ƙuli kawai. Sai 'yan tsaki su tsumbure, gashi ya ƙi fita da kyau, ƙwan da aka sa wa kaza ta kwanta ya yi jinkirin ƙyanƙyashewa ko ya mutu a ciki. A yi amfani da gishiri mai aidin, irin wanda dokar Nijeriya ta wajabta tun 1993, amma da awo: wajen giram 250 zuwa 300 a kilo 100 na abinci. Gishiri in ya yi yawa guba ne ga kaza, shi ma aidin in ya wuce kima yana rage ƙwai.

Akwai kuma abubuwan da ke tare wa tayirod hanya. Duk lokacin da masara ta yi tsada, da yawa kan koma ga rogo da ɓawonsa. Babu laifi, amma ɗanyen rogo na da guba wadda in jiki ya sarrafa ta takan zama wani sinadari mai hana aidin shiga tayirod. A jiƙa, a shanya ya bushe ƙayau kafin a niƙa. Waken suya ma sai an soya ko an dafa. Sannan gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, a nisance ta. Gubarta hanta take ci, kuma kun ji ɗazu aikin da hanta ke yi a wannan sha'ani.

Ga masu kajin ƙwai, ƙwai kan shafe wajen sa'o'i 20 a inda ake yi masa ɓawo, kuma yawancin aikin da dare ake yinsa. Saboda haka kalsiyam ɗin da aka ci da yamma ya fi na safe amfani. A ba su ɓarzajjen ɓawon kawa ko dutsen laim mai tsakuwa-tsakuwa da la'asar, ba gari ba, don ya daɗe a ƙundu yana narkewa a hankali. Wasu gidajen gona kan kunna fitila na awa ɗaya zuwa biyu da tsakar dare don kajin su tashi su ci su sha cikin sanyi.

Mu zo kan ruwa. A yanayi mai daɗi kaza na shan ruwa kamar ninki biyu na nauyin abincinta. A bazara yakan kai ninki huɗu ko fiye. Amma ku je ku taɓa ruwan baƙin tankin roba da ke saman ƙarfe da ƙarfe 2 na rana, ko alwala ba ka iya yi da shi. Kaza ba ta son ruwan da ya kusa ɗumin jikinta, gara ta zauna da ƙishirwa. A yi wa tanki rumfa, a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, a binne bututu a ƙasa, a zubar da wanda ya kwana a bututu kafin a tara musu. Mai kaji kaɗan, randar ƙasa a inuwa ta ishe ki, uwar gida. In da halin ƙanƙara a jefa. A ƙara yawan mashaya yadda kowace za ta samu ba tare da ta taka wata ba.

Abin da ya cancanci shiga ruwan a bazara shi ne bitamin C da gishirin gyara jini da ake kira ilektirolait. Kaza na haɗa bitamin C da kanta a ƙoda, amma a zafi abin da take haɗawa ba ya isa. Sodar yin burodi ma ana sa ta a abinci don taimakon ɓawon ƙwai. Wani zai ce ai ga kanwa, iyayenmu ita suke ba dabbobi. Gaskiya ne 'yan uwan juna ne, sai dai kanwa ƙarfinta ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, kuma jikin kaza ƙarami ne. A nemi awo wajen likitan dabbobi ko malamin gona, kar a yi kintace.

Ɗaki kuwa, a taƙaice: tsawonsa ya bi gabas da yamma, gefuna raga ba bulo ba, rufi mai tsayi. A shimfiɗa zana ko karan dawa a saman kwano, ko a shafe shi da farar ƙasa. A rage kaurin ɓuntun shinkafa ko garin katakon da ke ƙasa, don shi ma yana riƙe ɗumi. A rage yawan kajin, ɗakin da ya ɗauki 100 da hunturu ba zai ɗauke su a Afrilu ba. Yayyafi a kan rufi yana taimakawa, amma a ranar da iska ke da laima kar a jiƙa cikin ɗaki. Kamu, awo, rigakafi da ɗauka zuwa kasuwa, duk a yi su da sassafe ko da dare.

Akwai wani bincike mai ban sha'awa da ba zan so in wuce shi ba. Wani masani a Isra'ila, Shlomo Yahav, da abokan aikinsa sun nuna cewa ɗan tsakon da aka saka a ɗumin wajen digiri 36 na kwana ɗaya a cikin makonsa na farko, in ya girma ya fi jure zafi, domin jikinsa ya koyi saukar da T3 da wuri. Na faɗa ne don a ga yadda tayirod ke koyon darasi, ba don a je a rufe 'yan tsaki da gawayi ba. Wannan aiki ne na ma'auni da sa ido. Amma yana tuna mana cewa ɗan tsako da babbar kaza ba buƙatarsu ɗaya ba. A makon farko tsako na son digiri 32 zuwa 35, ana ragewa wajen digiri 3 kowane mako. Shi bazara ba ta cika damunsa ba, sai dai wahalar hanya, tunda yawancin 'yan tsakinmu daga wajen Ibadan ake ɗauko su. In sun iso, ruwa mai ɗan sukari da bitamin tukuna, abinci daga baya.

Iri ma abin dubawa ne. Kazar Hausa mai wuya babu gashi, wadda ake rainawa a kasuwa, gashin jikinta ya ragu da kashi 20 zuwa 40 cikin 100, kuma masana sun tabbatar ta fi jure zafi. Cibiyar NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown da aka zaɓo a yanayinmu. Ga FUNAAB Alpha daga Abeokuta, ga noila da ta cika gidaje yanzu. Ba sa saurin buroila, amma wanda ba shi da wuta ba shi da fanka, ya auna da kyau kafin ya zaɓa.

In kuma buroilar ce dole, a ɗauki kalanda kafin a biya kuɗin tsaki. Haɗarin na mako na 5 ne da na 6. Wanda ya karɓi tsaki a farkon Maris, kajinsa za su kai wannan girma a tsakiyar Afrilu, bayan sun gama cinye kusan duk jarinsa. Ko dai ya karɓa tun Janairu ya sayar kafin zafi ya kankama, ko ya rage yawa, ko ya ƙudurta sayarwa da wuri ba tare da jiran su yi kilo 3 ba.

Wani zai tambaya, yaya zan bambance zafi da cuta? Duba lokaci. Mutuwar zafi daga azahar zuwa magariba take zuwa, manya take ɗauka, kuma da gari ya yi sanyi sauran za su miƙe su ci abinci kamar ba su ba. In kuwa mutuwar ba ta zaɓar lokaci, da asuba ma ana kwashewa, ga tari, ga koren kashi, ga wuya na murɗewa, ko zanko ya yi shuɗi fuska ta kumbura, to wannan ba bazara ba ce. A rufe ɗakin, kar a sayar, kar a yanka, a kira likitan dabbobi a ranar.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba jadawalin rigakafin kaji tun daga ranar farko. 

(Kiɗan rufe shiri)